Ja, Shuɗi Ko Ruwan Ƙasa? Amsoshin Tambayoyinku Kan Kibod Makanikal

Wasiƙun wannan karo kusan duk a kan kibod suka faɗo, shi ya sa muka tattara su wuri guda.

Tambaya: Assalamu alaikum. Aikina buga takardu ne daga safe har yamma. Ina so in bar kibod ɗin da ya zo da kwamfuta in koma makanikal, amma duk wanda na ɗauka sai in ga an rubuta Red, Brown ko Blue a kwalinsa. Mene ne bambancinsu, kuma wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da abin da ke ƙarƙashin yatsanka. Kibod na yau da kullum shimfiɗar roba ce guda ɗaya a ƙarƙashin duk maɓallan, kowane maɓalli da ɗan ƙoƙonsa, kuma sai ka danne ƙoƙon nan har ƙasa kafin harafi ya fito. A makanikal kuwa kowane maɓalli da suwic ɗinsa: ɗan gida na roba mai tauri, sanda mai hawa da sauka, sifirin, da 'yan ƙarafa biyu da ke haɗuwa su aika saƙo. Tun sandar tana tsakiyar hanya harafi ya riga ya fito.

Launukan nan launin sandar ne, kuma kamfanin Cherry na Jamus ne ya yaɗa su da suwic ɗinsa samfurin MX, wanda ya fito tun farkon shekarun 1980. Daga baya kamfanoni irin su Gateron, Kailh da Outemu suka shiga ƙera nasu a kan siffa ɗaya, sanda mai kai kamar alamar tarawa, shi ya sa hular maɓallin wannan take shiga na wancan.

Ja shi ne mai santsi. Daga sama har ƙasa babu abin da zai tare yatsa, sumul yake tafiya. Nauyinsa, wato ƙarfin da ake buƙata a danna shi, kimanin giram 45, harafi yana fita a milimita 2, tafiyar duka milimita 4. Ruwan ƙasa tafiyarsa ɗaya da ja, amma akwai ɗan tudu a jikin sandar dab da inda harafi ke fita, sai yatsa ya ji ya haye wani abu. A kan tudun nauyin yakan kai giram 55. Shuɗi yana da tudun, sannan an ƙara masa wata 'yar roba da ke zamewa ta bugi ƙasan gidan, ƙas! Shi yakan kai giram 60, harafinsa yana fita a milimita 2.2.

Ga mai buga takarda wuni guda, mu dai mai tudu muke fara nuna masa, domin tudun yana shaida wa yatsa cewa aiki ya gama, ba sai ya kai maɓalli ƙasa ya buga ba, kuma wannan bugun ne ke tara gajiya a gaɓoɓi. Sai dai kada ka sa ran wani babban tudu a Cherry MX Brown. Ɗan kaɗan ne, har wasu na yi masa ba'a cewa ja ne da yashi ya shiga. In ka ji ya yi maka lami, nemi Cherry MX Clear mai kimanin giram 65, ko wani mai tudu mai ƙarfi. In kuma kana cikin masu ɗora yatsu a kan maɓallai suna tunanin jimla ta gaba, ja zai riƙa zubo maka haruffan da ba ka nema ba. Baƙi, wanda shi ma mai santsi ne amma giram 60, ya fi jure hannu mai nauyi.

Abu ɗaya da za ka kiyaye: launi ba doka ba ce tsakanin kamfanoni. Clear na Cherry mai tudu ne mai nauyi, Clear na Gateron kuwa mai santsi ne, giram 35 kacal, kamar ka taɓa auduga. Saboda haka karanta abu uku a bayanin kayan, wato nau'in tafiyar, nauyin, da zurfin da harafi ke fita. Ana sayar da ɗan allon gwaji mai suwic iri-iri a jere, yana da amfani, amma danna maɓalli ɗaya da ɗan ali daban, cika shafi da yatsu goma daban. In ka samu na wani, zauna ka buga sakin layi biyu ko uku, a nan hannu zai faɗi gaskiya.

Tambaya: Mu huɗu ne a ofis ɗaya. Ina sha'awar makanikal, amma ina gudun in dami abokan aiki. An ce in sayi ja, wai ba ya ƙara. Haka ne?

Amsa: Malama, rabin gaskiya aka gaya miki. Ja ba ya yin ƙas-ƙas irin na shuɗi, amma ƙarar kibod daga wuri uku take fitowa: ƙas ɗin da aka gina cikin suwic, bugun sanda idan ta kai ƙasa, da bugunta idan sifirin ya mayar da ita sama. Ja ya raba ki da na farko kawai.

Abin da kike nema shi ne wanda aka rubuta wa Silent. An sa wa sandarsa 'yan matasai na roba mai laushi sama da ƙasa, suna shanye bugun sauka da na dawowa. A Cherry MX Silent Red tafiyar ta ragu zuwa milimita 3.7, kuma ƙarshenta yana da ɗan taushi wanda wasu ba sa so. Akwai masu tudu ma a cikin irin wannan. 'Yan zobban roba da ake sa wa ƙarƙashin hular maɓalli kuwa bugun sauka kaɗai suke ragewa, na dawowa yana nan daram. Ki kuma shimfiɗa faffaɗan ƙyalle mai kauri irin na linzamin kwamfuta a ƙarƙashin kibod ɗin, domin tebur mai rami a ciki ganga ne. Shuɗi dai a ofis mai mutum huɗu, ko kyauta aka ba ki, ki kai shi gida.

Tambaya: Ni wasan kwamfuta nake yi, irin na harbe-harbe. Shin Silver zai sa in fi sauri? Kuma mene ne suwic mai maganaɗisu?

Amsa: Ɗan'uwa, Cherry MX Speed Silver yana aika saƙo a milimita 1.2, ja a milimita 2. Tazarar ba ta kai milimita ɗaya ba. Ba ita za ta raba mai ci da wanda aka ci ba, amma ta isa ta cika maka rubutu da kurakurai ranar da ka zauna aikin makaranta. Wanda ya kamata ka gujewa shi ne shuɗi: inda yake sakin maɓalli ya fi inda yake kama shi tsawo, don haka in ka danna sau biyu a jere ba ka ɗaga yatsa sosai ba, dannawa ta biyu ta tafi a banza.

Mai maganaɗisu shi ne canji na haƙiƙa. Babu ƙarafa masu haɗuwa a cikinsa. Ɗan maganaɗisu ne a gindin sandar, da na'urar ji a kan fanel, wato allon lantarkin da ke cikin kibod, tana auna kusancinsa. Tunda kibod ya san ainihin zurfin da maɓalli yake a kowane lokaci, kai ne za ka zaɓi inda zai kama, a wasu samfura daga milimita 0.1 har zuwa 4, kuma za ka iya sa shi ya saki da zarar yatsa ya fara ɗagawa. Kamfanin Wooting na cikin waɗanda suka yi suna da wannan. Amma ka sani ba ya aiki a kibod na talakan suwic, nasa fanel daban ne.

Kafin duk wannan, duba yadda kibod ke magana da kwamfuta. Waya ko ɗan toshe na 2.4 GHz sukan kai rahoto sau 1000 a daƙiƙa, Bluetooth bai kusanci haka ba. Ka kuma tabbatar an rubuta NKRO, ma'ana ko maɓalli nawa ka danne lokaci guda duk za a ƙirga su.

Tambaya: Ƙananan nan marasa ɓangaren lambobi sun burge ni. Ni ma'ajin kuɗi ne. In saya?

Amsa: A'a, Malam, sai dai in za ka haɗa da allon lambobi na daban. Cikakken kibod yana da maɓalli 104 a tsarin Amurka, 105 a na Turai. Wanda aka yanke wa ɓangaren lambobi, TKL, yana da 87 ko 88. Mai kashi 75 cikin ɗari na girman cikakken ya matse su amma ya riƙe layin F1 zuwa F12. Mai kashi 65 ya zubar da layin F ya bar kibiyoyi. Mai kashi 60, maɓalli 61, ko kibiyoyin ma babu, sai an haɗa da Fn. Girman maɓallan kansu bai canja ba, tazarar tsakiyar wannan zuwa na kusa da shi milimita 19 ce da ɗigo a dukansu. Ribar ƙaramin ita ce linzami yana matsowa kusa, kafaɗar dama ta huta. Wanda ke shigar da lambobi ɗari-ɗari a rana kuwa, wannan riba ba ta biya masa asara ba.

Mai rubuta haruffa masu ƙugiya irin ɓ, ɗ, ƙ shi ma ya leƙa layin ƙasa kafin ya saya. Ba kibod ke samar da su ba, tsarin harshen da aka zaɓa a kwamfuta ne, kuma tsare-tsare da yawa da Alt na dama suke aiki, wanda wasu ƙananan kibod suka maye gurbinsa da Fn. In kibod ɗin yana karɓar manhajar QMK ko VIA, da sauƙi, sai ka mayar da maɓallin inda kake so.

Tambaya: Na sayi kibod irin wanda ake cire suwic a sa wani ba tare da soda ba. Na canja su duka, sai maɓalli uku suka mutu. Na lalata fanel ne?

Amsa: Da wuya. Mafi yawanci ƙafa ce ta lanƙwashe. Zare wayar kibod ɗin, sa matsefin cire suwic ka matse 'yan kunnuwa biyu na sama da ƙasa, ka ja shi tsaye, kada ka murɗa. Juya shi ka duba ƙafafun ƙarfe biyu. Za ka tarar ɗaya ta kwanta a jikin gindin maimakon ta shiga rami. Miƙe ta a hankali da ɗan hantsaki, sau ɗaya, domin in ka yi ta kai da komo za ta karye. Wajen mayarwa, daidaita ƙafafun da ramukan tukuna, sannan ka danna miƙe. In ka ji turjiya, tsaya. Ƙarfi a nan shi ke ɓamɓare soket daga bayan fanel, wannan kuwa sai an kai ga soda.

Akwai suwic mai ƙafa uku, akwai mai biyar. Biyun da aka ƙara na roba ne, don tsayuwa kawai, ba sa ɗaukar wuta. In fanel ɗinka mai rami uku ne, datse su da abin yanke farce, suwic ya shiga lafiya. Inda ake shan wahala shi ne wasu kibod masu matsattsun soket da aka yi domin Outemu. Ƙafar Cherry ko Gateron ta fi ramin kauri, kada ka tilasta mata.

Duk da wannan 'yar wahala, ga wanda zai sayi makanikal na farko, irin naka muke ba da shawara. In suwic bai yi wa hannunsa ba, suwic kaɗai zai canja.

Tambaya: Kibod ɗina ya fara rubuta harafi biyu in na danna sau ɗaya, kuma dogon maɓallin tazara yana kacau-kacau. In fesa masa WD-40?

Amsa: Kul, Malam! Wannan man ba na nan ba ne. Zai malale cikin suwic, ya kama ƙura, ciwo ɗaya ya koma goma.

Matsalolin biyu ne, kowace da maganinta. Ninka harafi daga 'yan ƙarafan cikin suwic yake. Duk lokacin da suka haɗu sukan ɗan yi tsalle kafin su natsu, kibod kuma yana jira kimanin kashi 5 cikin 1000 na daƙiƙa kafin ya amince. In datti ko tsufa ya sa tsallen ya wuce wannan jira, sai a ƙirga dannawa biyu. Zare waya, cire hular, danne sandar ka hura iska mai ƙarfi ta gefenta. In bai daina ba, ɗiga ɗigo ɗaya ko biyu na sinadarin goge kayan lantarki, isopropil mai kashi 90 ko sama, danna sau talatin ko arba'in, ka bar shi ya bushe sarai kafin ka jona. In ya sake dawowa, canja suwic ɗin. Ko da yake Cherry na cewa nasa yana jure dannawa miliyan 50 zuwa 100, wannan lissafi bai san da ɗigon abin sha ba.

Kacau-kacau ɗin kuwa ba laifin suwic ba ne. Dogayen maɓallai, na tazara, Shift, Enter da na gogewa, suna da wata lanƙwasasshiyar wayar ƙarfe a ƙarƙashi da ke hana su karkata in an danna gefe. Bakinta ne ke kaɗawa cikin gidan robarsa. Cire hular a miƙe, ka duba ko wayar ta fice daga maƙalinta. In haka ne, mayar da ita har ka ji ta kama. Sannan ka ɗebo giris mai kauri marar ɗaukar wuta, ko man shafawa na Krytox 205g0, da ɗan siririn buroshi, ka shafa a bakunan wayar biyu inda suke shiga roba. Kaɗan ya isa, kamar ƙwayar shinkafa a kowane baki. In ya yi yawa maɓallin zai riƙa nawar dawowa. In ka gama ka ga har yanzu gefe ɗaya yana ƙara, ɗora hular a kan gilashi ka duba ko ta gantsare, domin dogayen huluna na robar PBT sukan lanƙwashe tun daga masana'anta, kuma giris ba ya miƙe su.

Tunda buroshi na hannunka, za ka so ka shafa wa suwic ɗin ma. Mai santsi yana ƙara laushi da shafi siriri a gefunan sanda. Mai tudu, kauce wa 'yan ƙafafun sandar da ke goga ƙarfe, in ba haka ba tudun ya ɓace. Shuɗi kada ka taɓa shi: giris zai liƙe 'yar robar da ke yin ƙas ɗin, ka wayi gari da rabin maɓallai suna ƙara, rabi sun yi gum.