Me ya sa baƙo ke biyan ninkin kuɗin lasisin farauta a jihohin Amurka?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Ni a Texas nake zaune, ina son zuwa Wyoming farautar elk, babbar barewar nan mai rassan ƙaho. Na duba sai naga ɗan jihar ko dala 60 baya biya, ni kuma kusan dala 700, alhali dajin na gwamnatin tarayya ne kuma nima ina biyan haraji. Wannan ba zalunci bane?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh ta fuskar doka dai babu inda zaka kai ƙara ka ci, gara in fara gaya maka. A Amurka filin daban, dabbar dake yawo a kai daban. Daji yana iya zama na tarayya amma namun dajin jiha ce ke riƙe da amanarsu, ita ke yanka farashi, ita ke cewa guda nawa za a harba a shekara. Maganar nan har Kotun Ƙoli taje a 1978, shari'ar Baldwin da hukumar namun daji ta Montana, lokacin ɗan Montana dala 9 yake yankar lasisin elk, baƙo kuwa dole ya sayi na haɗaka, wanda ya haɗa elk da wasu dabbobin, dala 225, kuma alƙalai 6 cikin 9 suka ce jiha nada wannan damar tunda farautar elk nishaɗi ce ba sana'ar cin abinci ba. A 2005 majalisar tarayya ta ƙara yin doka ta tabbatar wa jihohi ikon bambanta ɗan gida da baƙo.

Ni bambancin farashin kansa bai dameni sosai ba. Makiyayin Wyoming shine garken elk ke saukowa daga duwatsu da hunturu su karya masa shinge su cinye harawar da ya tara wa shanunsa, shine ke cin karo dasu a titi da daddare. In an masa rangwame ya cancanta.

Amma fa a faɗi gaskiya, kuɗin baƙi ne ke riƙe da hukumomin nan. A Wyoming mafi yawan kuɗin lasisi daga aljihun baƙi yake fitowa. Ga kuma dokar Pittman-Robertson ta 1937, harajin kashi 11 cikin ɗari akan kowace doguwar bindiga da harsashi, ana tarawa a raba wa jihohi gwargwadon girman ƙasarsu da yawan masu lasisinsu, kaga kenan harsashin da ka saya a Houston yana cikin abinda ke gyara dajin da ake tsawwala maka.

Inda abin ke ci min rai shine rufe ƙofa. New Mexico a ƙuri'ar sa'a da take jefawa don fitar da waɗanda za a ba lasisi kashi 84 na 'yan gida ne, kashi 10 na waɗanda suka ɗauki hayar kamfanin jagora, baƙon da zai ɗauki jakarsa ya shiga da ƙafarsa kashi 6 kacal. Wyoming kuma a dazukan tarayya da aka keɓe ba hanyar mota, baƙo yana iya kafa tanti ya kwana sati, yayi kamun kifi, ba wanda zai tambaye shi, amma ranar da ya rataya bindiga don elk sai da jagora mai lasisi ko ɗan jihar a gefensa. Wallahi wannan ban ga ruwansa da kare dabba ba, kasuwa ce ake kare wa masu jagora. Sannan ga layi na musamman a Wyoming ɗin, kashi 40 na kason baƙi an ware wa masu biyan kusan dala 2,000 don su fi samun sa'a a ƙuri'a. Mai kuɗi bai ji komai ba, direban tirela da nas mai aikin dare su aka fitar.

Kai dai in nama kake so ba ƙaho ba, nemi lasisin macen elk, wanda ake rage wa farashi, bai kai rabin dala 700 ɗin nan ba kuma yafi sauƙin fitowa. Baƙi a Janairu suke cike takardar elk a Wyoming, kada ka bari ya wuce. In namiji kake hari fara sayen maki tun bana, duk shekara ɗaya, shine ke matsar da kai gaba a layi, kuma kayi kwas ɗin koyon farauta anan Texas ka riƙe katin domin zasu nema.