Amsa: Me ya fi wahalar da sabon kurtu?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gudu ne ya fi karya kurata, tunda ƙaninka na shirin shiga horon soja. A ganina ba gudu ba ne, rashin barci ne da ciwon ƙafa. Tun kafin asuba ake busa usur, kowa ya fito fili, alhali jiya an raba dare ana goge takalmi da gugar kaki saboda dubawar safe.

Sabon takalmin soja kuwa mugu ne. Fatarsa na da tauri, in gumi ya jiƙa safa sai diddige ta yi bororo, ga fareti ba ya jiran mai ɗingishi. Ka ce masa ya riƙa sauya safa, ya shanya ƙafa duk sanda ya samu sarari, ya yanke farce.

Sai gwale-gwale. Mutum ɗaya zai makara, kofur ya sa dukkan rukunin tsallen kwaɗo. Da gangan ake yi, don kowa ya zama mai lura da na kusa da shi. Kwance bindiga da harhaɗa ta kuma, maimaici ke koyar da shi, kada ya damu. Ya dai fara motsa jiki tun yanzu.