Tankin Fijo Na Yoyo: Kada Ka Bari A Kusanto Shi Da Wuta

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Makanike, ya aiki, ya zafi? Ni direba ne, ina jan Fijo 504 wagon da na gada wurin mahaifina. Ina lodi daga Jega zuwa Birnin Kebbi, lokacin albasa kuma nakan shiga Aliero in ɗauko buhuna. Tun ƙarshen damina tankin motar ya fara yoyo. Duk inda ta kwana, da safe sai in tarar ƙasa ta jiƙe ta wajen baya, fasinjan kujerar ƙarshe kuma kullum cikin kukan warin fetur suke. Na goga sabulu, ya riƙe kwana biyu ya saki. Na sa gam ɗin nan mai haɗi biyu, wurin ya tsaya, amma sai gefensa ya fara tsattsafowa. Yanzu wani mai walda ya ce in juye man in kawo masa, nan take zai liƙe min. Aljihu ba nauyi, Baba. Don Allah mene ne mafita?

Wani direba daga Jega

AMSA

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan mahaifinka, Ya sa albarka a abin da ya bar maka.

Maganar mai walda zan fara ɗauka, don ita ce ba ta jira. Kada ka kai masa. Ina roƙonka, kada ka kai masa a yadda ya ce ɗin nan. Mutane suna ɗauka tankin da ke cike shi ne abin tsoro, wanda aka juye kuwa ya zama gwangwani. Ba haka ba ne. Abin da ke fashewa tururin fetur ne idan ya gauraya da iska, kuma ba ya buƙatar yawa: tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin 100 na iskar ya isa. Da ka juye man, iska ta shiga ta maye gurbinsa, ragowar da ta maƙale a lungu da cikin ɓarɓashin tsatsa tana ta ba da tururi, zafin walda kuma yana ƙara koro shi. A nan ne haɗin yake daidaita, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Shanya tanki a rana ma ba ya ba da tabbas. Duk wanda ya daɗe a gareji ya san yadda irin wannan aiki ke ƙarewa, kuma yawanci yaron shago da ke riƙe wa maigidansa tankin ne ke kwana a ciki. Wannan ne ya sa nake da zafi a kan maganar.

Kafin a gyara ma, ka sake wa motar makwanci. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, ƙasa yake bi yana malala, ya taru a rami ko a kwana. Kada ta kwana a cikin gida kusa da murhu ko janareta, kada a kunna maganin sauro ko a sha taba a gefenta, a tasha kuma ka nisanta ta da mai shayi da mai tsire. Ka tuna salansa ma ta nan baya take bi, tana da zafi, in ta sassauta tana jan kwalta tana fidda tartsatsi. A gaskiya da ni ne, ba zan ƙara ɗaukar fasinja ba sai an gama aikin. Na san abin da hakan ke nufi ga mai iyali. Amma rayukan mutane ka ɗauko, kuma waɗanda ke kujerar ƙarshe a wagon su ne mafi kusa da tankin, su ne kuma na ƙarshen fita.

Sabulu ba ƙarya ba ne, dabara ce ta tsofaffin direbobi kuma tana aiki, saboda fetur ba ya narkar da shi. Amfaninsa ya kai ka gida in dutse ya huda maka tanki a daji. Ruwa na taɓa shi ya tafi, girgizar hanya ma tana zubar da shi. Ba a yin sana'a a kansa.

Yanzu sai abin da wasiƙarka ta gaya mini. Ka ce ka liƙe wuri, gefensa ya ɓulle. Wannan ita ce alamar da nake nema. Tankin da dutse ya huda rami ɗaya yake yi, ƙarfen da ke kewaye da shi lafiyayye, in an liƙe an gama. Wanda tsatsa ta ci daga ciki kuwa, gindinsa gaba ɗaya ya sirance, ramin da ka gani shi ne kawai ya riga saura fitowa. Ka toshe wannan, gobe na kusa da shi ya buɗe, har tankin ya koma rariya. Ina kyautata zaton naka na biyun ne.

Tsatsar daga ruwa take, ruwan kuma hanyoyinsa sanannu ne. Akwai murfin tanki da robarsa ta mutu, ko wanda ya ɓata aka maye shi da leda da tsumma, ruwan sama da na wanki suna shiga. Akwai man 'yan bumburutu da ya kwana a jarkoki da duro, wani da ruwa da dauɗa a gindinsa. Sai wanda ba a cika lura da shi ba, wato raɓa. Tankin da ba mai a ciki iska ce ta cika shi, iskar damina kuma ɗauke take da laima, balle a ƙasarmu ta fadama. Rana ta gasa ƙarfen, dare ya yi sanyi, sai gumi ya keto a bangon tankin ya gangara. Ruwa ya fi fetur nauyi, saboda haka can ƙasa yake kwanciya yana cin ƙarfe shekara da shekaru. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, direbobi da yawa sun koma shan lita biyar, lita goma, tanki kullum a bushe. Ban ga laifin kowa ba, hali ne ya kawo, amma tsofaffin tankunan ƙarfe suna jin jiki. Ta waje kuma laka tana taruwa a saman tanki da inda aka ɗaure shi, ta riƙe danshi. Ga lodin albasa da ke sa bayan mota ya zauna, duk kunyar hanya sai ta gogi cikinta.

Duk da haka kada ka yanke hukunci da maganata kaɗai, a duba. Fetur yana da ruɗi, yakan fito daga sama ya bi jikin tanki ya ɗiga a ƙasa, ka yi ta liƙe inda ba ciwo. A wanke tankin ta waje, ya bushe, a barbaɗa masa hoda ko garin alli, sai a ga inda ya fara jiƙewa. A duba robar da ta haɗa wuyan zuba mai da tankin, da gaskit ɗin gejin mai, da tiyon da ke kai mai gaba, da layin da aka haɗa rabi biyu na tankin. In abin a roba ne, ka tsira da kuɗi kaɗan.

In jikin tankin ne, a sauke shi. A yi aikin a fili inda iska ke kaɗawa, injin ya huce, a fara cire kan batir na nagatif. Kada a yi shi a kan ramin gareji, can tururin ke taruwa. A juye man a mazubi mai murfi, kuma kada wani ya zuƙo shi da baki ta tiyo kamar yadda yaranmu suka saba. Kurɓa ɗaya in ta sarƙe ta shiga huhu, asibiti ce. A ajiye bokitin yashi da abin kashe gobara mai hoda a kusa. Wutar fetur ba a watsa mata ruwa, man yana tasowa saman ruwan ya bi shi ya yaɗu.

Bayan an sauke, a wanke cikinsa da ruwan zafi da Omo, a zuba tsakuwa ko tsofaffin notina a jijjiga, a zubar, a maimaita har ruwan ya fito fes kuma hanci ya daina jin wari. Sai a toshe kafofinsa, a ba shi iska kaɗan da famfon keke, a shafa ruwan kumfa a jikinsa. Duk inda ya yi ƙwai-ƙwai, rami ne. Kada a kai shi wurin mai faci a ɗura masa iskar inji, zai kumbura ya tsage a mahaɗa.

Abin da gwajin nan ya nuna shi zai raba gardama. In rami ɗaya ne ko biyu kuma ƙarfen na da kauri, ka kai wa ƙwararren mai gyaran lagireto ya liƙe da dalma. Su ƙarfen liƙin suke gasawa a garwashi can nesa, su kawo shi kan aikin, harshen wuta ba ya taɓa tankin. Gam mai haɗi biyu ma yana riƙewa in an samu wanda aka rubuta yana jure fetur, aka goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi fari, babu maiƙo, aka bar shi ya kwana kafin a zuba mai. Walda kuwa, in ta zama dole, sai bayan wankin nan, a cika tankin da ruwa har kusa da wurin aikin, bakinsa a buɗe, kuma a hannun wanda ya saba. Wanda ya ce maka nan take bai shirya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

In kuwa kumfa ta tashi ta ko'ina, kada ka ƙara kashe ko kwabo a kansa, ka nemi wani. A nan ka yi sa'ar mota. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975, kuma ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Turai ta daɗe da barin ta, shi ya sa kayanta ba su yanke ba. Ka fara tambaya wurin masu yanka motoci a Birnin Kebbi da Sakkwato. In ba a dace ba, a aika Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Ka tafi da tsohon a gwada, don na wagon da na ƙaramar da na akori-kura ba lallai su zo ɗaya ba. Ka leƙa cikin wanda za ka saya da tocila, ban da ashana ko leta, ka ƙwanƙwasa gindinsa da sifana ka ji ko ƙarfen na da rai. In ka ga tuni an taɓa shafa masa gam an bi da baƙin fenti, ka ajiye musu kayansu.

Game da aljihu, yi lissafin nan. Ɗigo ɗaya a kowane sakan yana iya kai lita 2 a kwana guda. Ninka shi da kuɗin lita yau, ka ninka da kwanakin da ka yi tun damina. Kuɗin tankin kana biyan sa tuni, ƙasa ce ke sha.

Abu ɗaya da nake gani a tashoshi kuma yana tayar min da hankali: a ajiye galan a cikin mota ko a gaban inji, a ja tiyo zuwa kafireto, a ce kafin a samu kuɗi. Kada ka yi wannan ko na yini ɗaya. In an ɗaura sabon, a sake filtar mai da tsofaffin tiyo, a wanke kafireto don tsatsar ta riga ta isa can, ka sayi murfi na kirki, kuma duk ranar da aka samu ciniki ka ɗaga man ya haura rabi. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da kasuwa.

TAMBAYA

Baba, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, ina da Golf 3. Ba na ganin ɗigo a ƙasa, amma duk ranar da na cika tanki sai wari ya cika motar, in mai ya sauka ya daina. Shi ma tankin ne ya huje?

Wata malama daga Zuru

AMSA

Malama, barka kadai. Da wuya ya zama huji. Tankin Golf 3 na roba ne, ba ya tsatsa, kuma warin da ke zuwa sai an cika yana nuna matsalar a sama take. A ɗaga shimfiɗar but, akwai ɗan murfi da ke rufe kan famfon mai da geji. Zoben robar da ke wurin yakan bushe da tsufa, ko a mayar da shi a karkace bayan an canja famfo. A sa sabo, a duba ƙananan tiyon da ke wurin da wuyan zuba mai. In an samu tsaga a jikin tankin kansa, gam ba ya kama irin wannan roba da kyau, canji ya fi.

Sannan in bakin famfon gidan mai ya katse da kansa, a tsaya nan, kada a jijjiga motar don ta ƙara ci. Fetur yana kumbura da zafi: lita 50 da aka zuba da sanyin safiya tana iya ƙaruwa da kusan lita 1 in zafinta ya hau da digiri 20, kuma an bar sarari a saman tankin ne don wannan. Ki kai ta a duba cikin makon nan, kafin nan kuma kada ki zuba ya wuce rabi.