Na bar giya kwana biyu jikina ya hau rawa, iska ce ko jifa?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni matar aure ce a Yamai, shekarata 46, 'ya'yana biyar. Tun rasuwar mahaifiyata barci ya ƙaurace min, wata ƙawata ta fara ba ni 'yar kwalba don in runtsa. Yau shekara shida kullum sai na sha a ɓoye, kwalbar tana ƙarƙashin zannuwana. Makon jiya na rantse na bari. A kwana na biyu hannuna ya hau rawa, ga zufa, ga amai, da dare na ga kyankyasai suna bin bango. Da na koma na sha, komai ya lafa. Yayata ta ce iska ce, za ta kai ni wurin mai magani. Wani lokaci nakan yi fatan in kwanta kada in tashi. Maigida bai sani ba. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan Inna, ke kuma ya ba ki lafiya.

Zan fara da fatan mutuwar nan, don ita ce ba ta jira. Yau ki faɗa wa mutum ɗaya da kika amince da shi, ki sa a fitar da fiya-fiya da duk tarin ƙwayoyi daga ɗakinki. Idan tunanin ya kai ga shirya yadda za ki yi, a kai ki asibiti a daren, kada a jira safiya.

Abin da ya same ki kuwa ba iska ba ce, ba jifa ba ne. Giya tana danne ƙwaƙwalwa, ita kuma ƙwaƙwalwa sai ta ƙara ƙaimi don ta ci gaba da aiki. Shekara shida ana wannan ja-in-ja, ranar da kika saki igiyar lokaci guda sai ta zabura babu mai riƙe ta. Rawar hannu kan fara awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, farfaɗiya na iya zuwa cikin kwana biyun farko, gigita da gane-gane masu tsanani kuma galibi a kwana na biyu zuwa na huɗu. Wannan matakin yana kashe mutum in ba a yi magani ba. Ke da kanki kin ba da shaida: kin sha, komai ya lafa. Wane aljani ne kwalba ke kora?

Wallahi wannan magana ta ishe ni. An taɓa kawo mana wata uwa bayan kwana uku a ɗakin mai magani, an ɗaure hannuwanta da ɗankwali, zaninta duk warin hayaƙi, harshenta a tsage saboda cizon farfaɗiya, leɓenta ya bushe don ko ruwa ba ta iya haɗiya. Dangi sun ba da akuya da jikkuna masu yawa, an ce musu "mutanen" ne suke fita. Ba wanda ya tambaye ta me take sha, ita ma kunya ta hana ta faɗa. Mai maganin da ke ganin mace tana shure-shure har ya ce a ƙara haƙuri da kwana ɗaya, ya ji tsoron Allah. Haka masu yawo da magani a tire, da za su miƙa miki tramol ko ƙwayar barci ba su san me ke cikinki ba. Haɗa waɗannan da giya na iya tsayar da numfashi. Ban hana ki addu'a da karatun Alƙur'ani ba, ki yi su a gadon asibiti, muna cewa amin.

Ban kuma ce ki zauna kina sha ba. Cewa na yi kada ki sake yankewa ke kaɗai a ɗaki. Gobe ki je sashen kula da ƙwaƙwalwa na Babban Asibitin Yamai, wanda ake kira Pavillon E, ki faɗi ainihin abin da kike sha a rana, kada ki rage. Na san sunan wurin yana tsorata mutane, amma can ne masu wannan aikin suke. Za a ba ki diazepam, maganin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, a ƙididdige, ana ragewa cikin kamar mako guda, da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa, a duba hanta.

Ciwon damuwar ma za a bi shi. Ga wasu yakan yi sauƙi bayan sati uku ko huɗu babu giya. Naki ya riga shan, don haka mai yiwuwa ki buƙaci magani irin fluoxetine, wanda sai ya yi makonni kafin ki ji amfaninsa, kada ki yar da shi a kwana goma. Ki ambaci batun haila ma, shekarunki na ɗaukewarta ne, kuma yakan taɓa barci.

Ga maigida da dangi: an taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum sau da yawa kan shan giya, wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya ce yana son Allah da Manzonsa. Wannan baiwar Allah ta shekara shida tana dafa muku tuwo da wannan nauyi a ƙirji. Gori da barazanar saki kwalbar kawai za su mayar da ita.

Hajiya, idan bakinki ya yi nauyi wurin faɗa wa maigida, ki zo da shi ranar ganin likita, a yi bayanin a gabanki. Yayarki ma ta biyo ku, ita za ta kwana da ke a makon farko.