Gayyatar Kirsimeti a gidan Bafaranshe

Ƙanena, ka tambaya ko masu masaukinka a Faransa za su ji haushi in ka ƙi shan giyar inabi a teburin Kirsimeti. Kwantar da hankalinka. A wurinsu mahaɗin abinci ce: ja da jan nama, fara da kifi, shamfen (mai kumfa) kuma ranar biki. Sai a 1956 ma gwamnati ta hana ba yara 'yan ƙasa da shekara 14 ita a makarantu. Ka ce ba ka sha, za su zuba maka ruwa.

Ni tukunyar ce ta fi damuna. Boeuf bourguignon, wani farfesun naman sa na Faransawa, da jar giya ake dafa shi, kuma wuta ba ta ƙone ta duka. Ka sanar da uwargida tun kafin ta yi cefane.