Tambaya da Amsa: Yaya zan gane malamin da ke shirin ajiye mini aiki?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da makarantar kuɗi a wajen Ƙofar Ƙaura, Katsina. Kowane zango sai malamai biyu ko uku sun tafi ba sallama. Ɗana ya ce ana auna gamsuwar ma'aikata a zuba a kwamfuta, ta hasko wanda zai tafi. Da gaske ne? Daga Hajiya mai makaranta.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaronki ya yi gaskiya. Kamfanin Gallup na Amurka, mai binciken ra'ayoyin jama'a, tambayoyi 12 yake yi wa ma'aikaci don auna gamsuwarsa, ciki har da ko ya san abin da ake so ya yi, ko yana da kayan aiki, ko an yaba masa cikin kwana 7 da suka wuce.

Sai dai mu nan akwai kunya da kara. Ki kira malami ofis, "Alhamdu lillahi Hajiya, ba komai" zai ce miki, alhali takardar neman wani aikin tana aljihunsa. Don haka a raba takarda ba suna, kowace tambaya maki 1 zuwa 5, a jefa a kwali. Wani ya tattara, ba ke ba, tunda kin san rubutun kowa. A maimaita duk ƙarshen zango, domin faɗuwar makin ita ce abin lura.

Kwamfuta kuwa ba duba take yi ba. Bayanan waɗanda suka tafi take kwatantawa da na waɗanda suka zauna: makara, fashi, nisan gida, ranar shigar albashi. In malamanki ba su wuce ashirin ba, bayanan sun yi mata kaɗan, rajistarki da manhajar lissafi ta Excel sun ishe ki. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, malamin da ke hawo Keke Napep daga Batagarawa kullum lissafi yake yi, ga mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024.

Don Allah Hajiya, kada ki kori mutum saboda hasashe ya nuna shi. Zalunci ne, kuma daga ranar ba mai sake gaya miki gaskiya. In kwalin ya ce albashi na makara, tsayar da ranar biya, ki sanar da su a taron malamai kafin a koma hutu.