Shanuna suna ramewa a kiwon daji: in ba su masara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Daga ƙaramar hukumar Dukku nake, a Jihar Gombe. Ina da dandaƙaƙƙun shanu shida, Bunaji, da na saya bayan girbi, yaro yana fita da su daji kullum. Tun shigowar Fabrairu na ga suna ramewa har haƙarƙari ya fito. Ina da buhunan masara a ajiye, wani ya ce in riƙa ba kowanne mudu uku a rana. Hakan zai sa su yi ƙiba kafin in kai su kasuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a dukiyar. Masararka za ta yi amfani, amma mudu uku ya yi wa san da ke yini a daji yawa, kuma ba ita ce abin da shanunka suka fi rashi a wannan lokacin ba.

A cikin tumbin saniya akwai ƙananan halittun da ido ba ya gani, su ne ke narka ciyawa, saniyar kuma ta rayu da abin da suka sarrafa mata. Halittun nan ba sa aiki sosai sai abincin yana da furotin, wato sinadarin gina jiki, kamar kashi 7 cikin 100. Gamba da kyasuwa suna da fiye da haka da damina, lokacin da suke ɗanyu. Da sun fitar da kai sun bushe, iskar hunturu ta bi ta kansu, sai furotin ɗin ya sauka zuwa kashi 3 ko ma ƙasa. Shi ya sa za ka ga sa ya dawo da yamma ciki tim, amma haƙarƙari a waje. Ciyawar tana zaune a tumbi ba ta narkewa da wuri, don haka ba shi da wurin zuba wata.

Ita masara sitaci ne mafi yawanta, furotin ɗinta bai wuce kashi 9 ba. In ta yi yawa a tumbi, halittun da ke cin sitaci su ke yaɗuwa, tumbin ya yi tsami, masu narka ciyawa su ja baya. Sai san ya rage kiwo. Ka ga ke nan hatsin da za ka iya sayarwa da tsada ya maye gurbin ciyawar da kake samu kyauta. Wannan asarar ce ta fi damuna, domin mai ita ba ya gane ta sai ranar kasuwa, in ya zauna lissafi.

Da ni ne, da furotin zan fara. Ƙulin anguriya shi ne na farko, kuma Gombe ƙasar auduga ce tun da can, mutanenmu sun san shi. Kilo ɗaya a rana ya ishi san da nauyinsa ya kai kilo 250. In bai samu ba, ga ƙulin gyaɗa ko na waken suya, waɗanda suka fi shi ƙarfi, don haka rabin kilo zuwa sama kaɗan ya wadatar. Harawar wake da ta gyaɗa da kowar wake duk suna taimakawa. 'Ya'yan gawo ma haka, kuma ba banza ba makiyaya ke kora shanu gindin gawo da rani. Za ka yi mamaki: san da ya samu furotin ƙara cin busasshiyar ciyawar yake yi, domin tumbin ya fara sauke kayansa.

A kan wannan ne za ka ɗora masara, kada ta wuce rabin kilo a kowane kilo 100 na nauyin dabbar. Ga san kilo 250, kilo ɗaya ko ɗaya da kwata ke nan. Ka auna mudunka a sikeli sau ɗaya, domin mudun wannan kasuwa ba na waccan ba ne. Ka kai ta inji a ɓarza ta, kada a niƙa ta gari. Musamman dawa, in ka ba da ita tsaba, je ka turke da safe: za ka tarar kaji suna tsintar ƙwayoyinta lafiya lau a cikin kashin shanu. In ka samu dusar masara ko ta alkama da araha, ta fi tsabar sauƙi ga tumbi.

Kada ka fara a rana ɗaya. Somo da cikin tafin hannu biyu, ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako biyu zuwa uku. A ba su bayan sun dawo kiwo, ba da safe ba, kuma kowanne da kwanonsa, in ba haka ba mai ƙarfi a cikinsu zai cinye na ɗan'uwansa. Na taɓa zuwa wani gida da sa ya tsinke da dare ya faɗa wa buhun masara. Da na iso yana kwance, ya daina tuƙa, gefen hagu ya kumbura, ga zawo mai warin tsami. Ya tashi, amma ya daɗe yana ɗingishi saboda ciwon ya sauka masa a kofato. In ka ga alama irin wannan, janye hatsin nan take, sa masa busasshiyar ciyawa, ka kira likitan dabbobi ba tare da jira ba. Masarar da ta yi fumfuna kuwa kada ka ba su ko kaɗan.

Kafin duk wannan, a ba su maganin tsutsar ciki da na ciwon hanta, a cire musu kaska, a ajiye musu gishiri da kanwa, su kuma sha ruwa su ƙoshi kullum.

Abu ɗaya ka sani, Malam: abincin nan zai tsayar da ramar, ya ƙara musu ɗan nama, amma ba zai ba ka ƙibar da mahauta ke rububi ba muddin suna taka doguwar tafiya a rana. In ita kake so, zaɓi biyu ko uku mafiya kyawun ƙira ka ɗaure su a turke kamar wata uku, a nan ne hatsi zai iya ƙaruwa a hankali. Sauran ka riƙe su a kan ƙuli da harawa har ruwa ya sauka. Kuɗin ƙulin kuma, sayar da buhu ɗaya ko biyu daga masarar da ke ajiye ka saye shi.